Burodi ko danƙo: rigimar da Turkiyya ke yi a kan kabarin Berkin Elvan

A watan Mayun 2014, wata biyu da 'yan kwanaki bayan rasuwar Berkin Elvan, yaron da gwangwanin barkonon tsohuwa na 'yan sanda ya same shi a ka lokacin zanga-zangar Gezi ta 2013, Recep Tayyip Erdogan, wanda a lokacin shi ne firaministan Turkiyya, ya yi jawabi yana ƙorafi a kan masu fitowa tunawa da yaron. Ya tambaya ko duk wanda ya mutu sai an shirya masa taro, sannan ya rufe zancen da cewa ya mutu, ya wuce. Kwana ɗaya kafin wannan jawabi, 'yan sandan da ke fatattakar ɗaliban sakandare masu zanga-zanga a unguwar Okmeydani ta birnin Santambul sun harbi wani magidanci mai suna Ugur Kurt a ka. Mutumin ba ya cikin zanga-zangar. Jana'iza ce ta kai shi harabar wurin ibadar 'yan Alevi, wata al'ummar addini ta ƙasar, da ke unguwar, harsashi ya same shi a can.

Shekaru sun haura goma, zancen bai wuce ba. Duk ranar 11 ga Maris ana taruwa a bakin kabarinsa a maƙabartar Ferikoy, kuma fuskarsa mai baƙar gira a haɗe ta zama hoton da kusan kowane Baturke ya sani. Ta wannan fuska masoyansa sun yi nasara, ba a manta da shi ba. Sai dai a ganina an ja su zuwa filin da gwamnati ta zaɓa, suka bi. Aka shafe shekaru ana gardamar wane irin yaro ne Berkin, alhali tambayar da doka ta damu da ita daban ce: ta yaya aka saita bindigar, kuma wa ya bar 'yan sanda suna saita ta haka har tsawon makonni?

Bishiyoyi ne mafarin rikicin. Gezi wani ɗan lambun shaƙatawa ne da ke jikin dandalin Taksim a Santambul, kuma hukumomi sun shirya share shi don a sake gina wani barikin soja na zamanin Daular Usmaniyya da aka rushe a 1940, ana cewa za a zuba manyan kantuna a ciki. A ƙarshen Mayun 2013 wasu 'yan tsirarun masu kare muhalli suka kafa tantuna a wurin. Aka afka musu da asuba, aka ƙona tantunan, aka fesa musu barkonon tsohuwa a fuska. Hotunan na fita, gari ya ɗauka. Cikin kwanaki kaɗan zancen ya tashi daga bishiya ya koma kan Erdogan kansa, da yadda mutane da yawa ke ganin ya fara mulki da kama-karya bayan shekara goma a kan kujera. Alƙaluman hukumomin tsaro sun nuna sama da mutum miliyan 3 sun fita a larduna 80 cikin 81 na ƙasar. Ƙungiyar likitocin Turkiyya ta ƙirga sama da mutum 8,000 da suka ji rauni zuwa tsakiyar Yuli, 11 daga cikinsu sun rasa ido. Jaridun ƙasar sun ruwaito cewa 'yan sanda sun ƙarar da gwangwanayen barkonon tsohuwa kusan 130,000 cikin kwana 20 na farko.

A daren 15 ga Yuni aka kori mutane daga lambun da ƙarfin tsiya. Unguwanni da dama suka kwana ana artabu. Washegari Lahadi da sassafe, Berkin, ɗan shekara 14, ya fita daga gidansu a Okmeydani. Iyayensa sun ce burodin karin kumallo ya tafi saya. Gwangwanin barkonon tsohuwa ya same shi a ka. A yammacin wannan rana Erdogan ya tara ɗimbin magoya bayansa a filin Kazlicesme, a wani ɓangare na birnin, yana jawabin mutunta zaɓin al'umma.

Yaron ya yi kwana 269 cikin doguwar suma a asibitin unguwar. A kan gadon ya cika shekara 15, ranar 5 ga Janairun 2014. Ya shiga asibiti yana da nauyin kilo 45, ya rasu ranar 11 ga Maris yana kilo 16. Washegari dubban dubatar mutane suka raka gawarsa daga Okmeydani zuwa Ferikoy, da yawansu riƙe da burodi a hannu, wasu sun ɗaura masa baƙin ƙyalle. Ana gama binne shi 'yan sanda suka tarwatsa taron da motocin feshin ruwa da irin gwangwanin da ya kashe shi.

Ba abin mamaki ba ne burodin ya kama zukata. Kowace uwa ta taɓa aiken ɗanta da safe. Labarin ya cire Berkin daga siyasa, ya mayar da shi ɗan kowa, har wanda bai taɓa goyon bayan zanga-zangar Gezi ba yana iya zubar masa da hawaye. Gwamnati ta fahimci ƙarfin wannan labari, shi ya sa ta tunkare shi kai tsaye. Kwana biyu bayan jana'izar, a taron yaƙin neman zaɓe a Gaziantep, Erdogan ya ce ƙungiyoyin ta'adda sun ja yaron cikinsu, ya rufe fuska da ƙyalle, danƙon harbi a hannunsa, 'ya'yan boris a aljihunsa. Ya kuma soki mahaifiyar, Gulsum Elvan, har ya tambayi dalilin da ya sa aka jefa ƙwallayen ƙarfe a kabarin tare da furanni. Iyalin suka ce ƙwallayen wasan yara ne. Taron ya yi wa matar ihu, kwana biyu da binne ɗanta.

Daga ranar aka raba ƙasa biyu, 'yan burodi da 'yan danƙo. Jaridun da ke goyon bayan gwamnati suka shiga tono hotuna, na adawa suka shiga kawo shaidu. Kowane ɓangare ya ɗauka cewa idan ya tabbatar da abin da ke hannun yaron, ya ci shari'a. A nan tarkon yake. Duk wanda ya dage cewa bai kamata a kashe Berkin ba saboda burodi ya je saya, ya amince ke nan, ba tare da ya faɗa ba, cewa da danƙo ne a hannunsa da akwai abin dubawa. To a ƙaddara danƙon ne. A ƙaddara ya rufe fuska, yana jifa. Yaro ne ɗan shekara 14, a gabansa akwai 'yan sanda masu kwalkwali da garkuwa da motoci masu sulke. Babu dokar Turkiyya, ko wata yarjejeniyar da ƙasar ta sa wa hannu, da ta ce hukuncin jifa shi ne a fasa wa mutum kai a kan titi.

Mu ma ba baƙin wannan tunani ba ne. A watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa a Najeriya, wadda ƙungiyar Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a cikinta, tambayar da aka fi ji a bakin mutane ita ce, "Me ya fitar da shi?" Masu kare mamaci kuma sai su amsa cewa ai wucewa kawai yake yi. Tambayar da amsar duk a kan gawa suke, mai harbi ya samu hutu.

Kamata ya yi a tsaya a kan makamin, don a nan shari'ar take. Gwangwanin barkonon tsohuwa ƙarfe ne, girmansa bai fi na ƙaramin gwangwanin lemo ba, kuma daga bindiga ta musamman ake cilla shi. An ƙera shi ne don a harba sama a karkace, ya yi lilo ya faɗo kusa da taro ya saki hayaƙi, mutane su watse. Idan aka miƙe bakin bindigar aka saita mutum daga kusa, ya tashi daga abin korar jama'a ya zama harsashi mai nauyi da zafi. 'Yan sanda sun san haka, don ana koyar da su, kuma gargaɗin yana rubuce a jikin gwangwanin. A lokacin Gezi an yi ta ganin raunukan kai da na ido iri ɗaya a garuruwa daban-daban. Abdullah Comert, ɗan shekara 22, irin wannan harbi ne ya kashe shi a Antakya ranar 3 ga Yuni, kusan mako biyu kafin a harbi Berkin. Abin da ya maimaita kansa a birane da yawa ya wuce kuskuren mutum ɗaya, ya zama salon aiki, kuma salon aiki yana da masu lura da shi.

Hukumomi ba su rasa gargaɗi ba. Ranar 16 ga Yulin 2013, wata ɗaya cif bayan harbin Berkin, Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg ta yanke hukunci a ƙarar Abdullah Yasa, yaron da gwangwani ya fasa wa fuska a Diyarbakir a 2006 yana ɗan shekara 13. Kotun ta ce harba gwangwani a miƙe zuwa ga mutane ba aikin ɗan sanda ba ne da za a amince da shi, domin yana iya kisa, ta kuma nemi Turkiyya ta gyara ƙa'idojinta. A wannan shari'a ma gwamnati ta kafa hujja da cewa yaron yana cikin masu jifa. Hujjar ba ta cece ta ba.

A ɓangaren shugabanci kuwa, a ƙarshen Yunin 2013 Erdogan ya faɗa wa taron magoya bayansa cewa ana tambayar wa ya ba 'yan sanda umarni, to shi ya bayar. Yana magana ne a kan share dandalin Taksim, kuma ba adalci ba ne a ce ya ba da umarnin harbin wani yaro. Amma a cikin kwanakin nan dai ya je bikin yaye ɗaliban makarantar 'yan sanda ya yaba wa rundunar da cewa ta kafa tarihin jarumtaka. Ɗan sandan da ke riƙe da bindiga a lungun Okmeydani yana jin irin waɗannan jawabai, kuma yana gane abin da za a tambaye shi da abin da ba za a tambaye shi ba.

Akwai maganar da mahaifiyar ta yi a ƙofar asibiti ranar rasuwar, wadda ita ce Erdogan ya riƙe. Ta ce ba Allah ne ya ɗauke mata ɗa ba, Tayyip Erdogan ne. Kunnen Musulmi ba ya jin daɗin wannan furuci, kuma na san da yawa daga masu karanta wannan za su tsaya a nan su yi istigfari. Amma wanda ya taɓa zama a gidan makoki ya san ba a auna kalaman uwa a wannan rana da ma'aunin malaman tauhidi. Abin da take ƙi shi ne a rufe mata baki da ƙaddara. Addinin da ya koyar da cewa ajali na Allah ne shi ne kuma ya shar'anta ƙisasi da diyya, don haka imani da ƙaddara bai taɓa wanke wanda ya yi kisa ba.

Erdogan yana da masoya da yawa a ƙasar Hausa, kuma suna da dalilansu: tsayuwarsa kan Falasɗinu, ɗage haramcin ɗankwali a jami'o'i da ma'aikatu, karya lagon sojojin da suka saba hamɓarar da zaɓaɓɓu. Tsoron da magoya bayansa suka ji a 2013 ma ba na banza ba ne. Jam'iyyarsa ta AKP ta ci kusan rabin ƙuri'u a 2011. Suna tune da Adnan Menderes, firaministan da sojoji suka kifar a 1960 suka rataye a 1961. Ranar 3 ga Yulin 2013, ƙurar Gezi ba ta gama lafawa ba, sojojin Masar suka tumɓuke Muhammad Mursi bayan gagarumar zanga-zanga. Ga wanda ke kallo ta wannan taga, cikar titi share fagen juyin mulki ce. Kuma masu zanga-zangar ba duka ne masu zaman lumana ba, an ƙona motoci, an yi jifa, wani jami'in ɗan sanda, Mustafa Sari, ya faɗo daga gadar da ake ginawa a Adana ya mutu yana bin masu zanga-zanga.

Duk da haka akwai abin da masoyan nasa ya kamata su haɗiye. A watan Agustan 2013, Berkin na kwance a sume, jami'an tsaron Masar suka harbe Asma'u al-Beltagi, 'yar shekara 17, a dandalin Rabi'a al-Adawiyya na Alƙahira. Erdogan ya yi kuka a talabijin lokacin da aka karanta wasiƙar da mahaifinta ya rubuta mata, kuma ya mayar da ɗaga yatsu huɗu alamarsa. Asma'u ba burodi ta je saya ba. Tana cikin zaman dirshan na adawa da masu mulki, da saninta da niyyarta, kuma hukumomin Masar ma 'yan ta'adda suka kira mutanen dandalin. Erdogan bai tambayi me ya fitar da ita ba, kuma ya yi daidai da bai tambaya ba. Wato ya san ƙa'idar sarai. A gida ne ya ƙi aiki da ita, ana saura mako biyu zaɓen ƙananan hukumomi na 30 ga Maris 2014, ga kuma badaƙalar cin hanci ta Disambar 2013 da ta taɓa 'ya'yan ministocinsa tana ci. Lissafin ya biya shi. Jam'iyyarsa ta haura kashi 40, ta riƙe Santambul da Ankara, a watan Agusta kuma ya zama shugaban ƙasa.

Ba za a gane dalilin da ya sa tambarin ta'addanci ya manne cikin sauƙi ba sai an san unguwar. Okmeydani matattarar talakawa ce da suka yi ƙaura daga ƙauyukan Anatoliya, da yawansu 'yan Alevi, wata al'umma mai girmama Sayyidina Ali da ke da nata salon ibada a ɗakin taro da suke kira cemevi, wanda gwamnati ta daɗe tana ƙin ba shi matsayin wurin ibada a doka. Iyalin Elvan 'yan Alevi ne, haka ma mafi yawan matasan da suka mutu a Gezi. Al'ummar tana ɗauke da tsofaffin raunuka: kisan Maras a 1978, na Corum a 1980, ƙona otal ɗin Madimak a Sivas a 1993 inda mutum 35 suka halaka, da harbe-harben unguwar Gazi a 1995. A ranar 29 ga Mayun 2013, daidai lokacin da Gezi ke ɗaukar zafi, aka sanar cewa sabuwar gadar mashigin ruwan Bosforus a Santambul za ta ci sunan Sarki Yavuz Selim, wanda 'yan Alevi ke tunawa da shi a matsayin mai kisan kakanninsu. A irin waɗannan unguwanni 'yan sanda kan shiga kamar masu shiga ƙasar abokan gaba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙungiyar DHKP-C, 'yan gurguzu masu ɗauke da makamai waɗanda Turkiyya da Amurka da Tarayyar Turai suka sa a jerin 'yan ta'adda, tana da gindin zama a unguwar, kuma ta rungumi sunan Berkin tun yana asibiti. A daren jana'izarsa aka harbe wani saurayi ɗan shekara 22, Burak Can Karamanoglu, a wani rikici a kusa da wurin, ƙungiyar ta ce ita ta yi. Nan take gwamnati ta samu nata mamacin. Mahaifin Berkin da na Burak sun fi 'yan siyasa hankali, sun yi magana ta waya, suka yi wa juna ta'aziyya, suka roƙi kada a yi siyasa da 'ya'yansu. Ba a saurare su ba.

Mafi muni ya zo ranar 31 ga Maris 2015. 'Yan ƙungiyar biyu suka shiga babban ginin kotuna na Caglayan suka yi garkuwa da Mehmet Selim Kiraz, mai gabatar da ƙarar da ke riƙe da fayil ɗin Berkin. Suka saki hotonsa da bindiga a kansa, suka nemi a bayyana 'yan sandan da suka yi harbin, su amsa laifi a talabijin, a kuma miƙa su ga abin da suka kira kotun jama'a. Mahaifin Berkin, Sami Elvan, ya aika roƙo cewa ɗansa ya mutu, kada wani ya sake mutuwa. Da dare jami'an tsaro suka kutsa, maharan biyu suka mutu, Kiraz ma ya cika a asibiti. Ban san wata ɓarna da aka yi wa sunan yaron da ta kai wannan ba. Masu cewa suna nema masa adalci sun kashe mutumin da aikinsa ke nan, kuma sun miƙa wa gwamnati hoton da ta kasa samu a aljihun Berkin. Kwanaki kaɗan kafin nan majalisa ta riga ta zartar da dokar tsaron cikin gida wadda ta sa danƙo da ƙwallayen ƙarfe cikin abubuwan da ake ɗaure mutum saboda ɗaukarsu a zanga-zanga, ta tsananta hukuncin rufe fuska, ta kuma faɗaɗa damar 'yan sanda ta amfani da bindiga. Siffar da aka yi wa yaron a Gaziantep ta shiga kundin doka.

'Yan adawa ma laifi tudu ne. A watan Oktoban 2014, lokacin tarzomar da Kurdawa suka yi kan harin ƙungiyar IS a garin Kobani na Siriya, wasu gungun masu zanga-zanga a Diyarbakir suka yi wa Yasin Boru, ɗan shekara 16, kisan gilla tare da abokansa suna rabon naman layya. Ba hukuma ce ta kashe shi ba, kuma wannan bambanci ne mai muhimmanci a doka. Amma ta fuskar tunawa, Erdogan ya riƙe sunansa yana dukan 'yan siyasar Kurdawa da shi, yawancin masu ɗaga hoton Berkin kuma suka yi shiru. Kowane sansani ya samu yaronsa, kowane yaro da abinci a hannu, ɗaya burodi ɗaya nama. Kurdawa kuma suna da tasu tambayar ga mutanen Santambul: ina kuke a 2004, lokacin da 'yan sanda suka ɗirka wa Ugur Kaymaz, ɗan shekara 12, harsashi 13 a ƙofar gidansu a Kiziltepe tare da mahaifinsa, aka ce 'yan ta'adda ne, kotu kuma ta wanke jami'an?

Abin da ya ɗan motsa a ƙarshe ba daga taken zanga-zanga ya fito ba, daga aikin da ba ya jan hankalin kowa ne: lauyoyi na rubuta takarda bayan takarda, ana neman jerin sunayen jami'an da aka tura unguwar, ana bin faifan kyamarar wata motar 'yan sanda, masana na tantance fuska. Fayil ɗin ya bi hannun masu gabatar da ƙara da dama. Sai a Disambar 2016 aka shigar da tuhuma, a kan ɗan sanda guda, Fatih Dalgali. Aka fara shari'a a Afrilun 2017, yana ci gaba da aikinsa a wani lardi, yana bayyana ta bidiyo. Ranar 18 ga Yunin 2021, shekara takwas da kwana biyu bayan harbin, kotu ta same shi da laifin kisa a bisa cewa ya hango harbin zai iya kashewa kuma ya yi, ta yanke masa shekara 16 da wata 8 bayan rangwame. Ba a tsare shi a ranar ba, fita waje kawai aka hana shi kafin a gama ɗaukaka ƙara. Abin lura shi ne hukuncin bai rataya a kan ko an sayi burodi ko ba a saya ba.

Idan aka kwatanta da sauran, wannan ma babban hukunci ne. Ethem Sarisuluk, mai walda ɗan shekara 26, ɗan sanda ya harbe shi a ka a tsakiyar Ankara, kyamara na ɗauka. An fara yanke wa jami'in shekara bakwai da 'yan watanni, aka soke, a sake shari'ar a 2016 aka mayar da hukuncin tarar lira 10,100. Ali Ismail Korkmaz, ɗalibin jami'a ɗan shekara 19, ya gudu daga hayaƙi ya shiga wani lungu a Eskisehir, 'yan sandan farin kaya da wasu fararen hula, ciki har da mai gidan burodi da 'yan uwansa, suka tare shi suka lakaɗa masa duka. Ya yi kwana 38 a sume ya rasu ranar 10 ga Yuli. Gwamnan lardin ya yi shaguɓen cewa wataƙila abokansa ne suka doke shi don a shafa wa 'yan sanda. An goge faifan kyamarar gidan burodin, masana suka dawo da shi, babban wanda ake tuhuma ya samu shekara 10 da wata 10. Ali Ismail zanga-zanga ya fita, babu wanda ya yi musu, kuma hakan bai rage komai daga alhakin jininsa ba. Iyalinsa sun kafa gidauniya da sunansa a Hatay tana ba ɗalibai tallafin karatu. Ni irin wannan tunawa ta fi kwanta mini, don ba ta buƙatar a ɓoye abin da mamacin ya fita yi.

Saura manya. A Turkiyya akwai dokar 1999, mai lamba 4483, wadda ta ce a laifuffuka da yawa sai an samu izinin hukuma kafin a binciki ma'aikacin gwamnati. Iyalin Elvan sun kai ƙorafi a kan gwamnan Santambul na lokacin da shugaban 'yan sandan birnin, ƙorafin ya mutu a kan teburi. Suka wuce Strasbourg. Ranar 7 ga Fabrairun 2023 kotun ta yanke cewa Turkiyya ta keta haƙƙin rayuwa ta hanyar gaza yin ingantaccen bincike a kan rawar da manyan jami'an biyu suka taka. Wannan shi ne hukunci mafi kusa da ainihin tambayar, amma ya faɗo kwana ɗaya bayan girgizar ƙasar da ta kashe sama da mutum 50,000 a kudancin Turkiyya, kusan babu wanda ya ji labarinsa.

A gefe guda kuma gwamnati ta rubuta nata tarihin Gezi ta hanyar kotu, a matsayin yunƙurin kifar da mulki da kuɗin waje. Osman Kavala, ɗan kasuwa mai tallafa wa ayyukan al'adu, yana tsare tun Oktoban 2017. Kotun Strasbourg ta ce a sake shi a Disambar 2019. Wata kotun Turkiyya ta wanke shi a Fabrairun 2020, aka sake kama shi a ranar kafin ya isa gida. A Afrilun 2022 aka yanke masa ɗaurin rai da rai ba sassauci, wasu mutum bakwai kuma shekara 18 kowannensu bisa taimaka masa. Cikinsu akwai lauya Can Atalay, wanda mutanen Hatay suka zaɓa ɗan majalisa a 2023 yana gidan yari, Kotun Tsarin Mulki ta ce a sake shi har sau biyu, aka ƙi, aka kuma raba shi da kujerar a Janairun 2024. Shekara 18 ga wanda ba a ce ya taɓa kowa ba, shekara 16 da wata 8 ga wanda kotu ta ce ya kashe yaro.

Gulsum da Sami Elvan su ma sun koma kotu, wannan karon a matsayin waɗanda ake tuhuma. An gurfanar da su bisa zargin cin mutuncin shugaban ƙasa saboda kalaman da suka yi a kan mutuwar ɗansu, a ƙarƙashin sashe na 299 na dokar laifuffuka, wanda ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya zuwa huɗu.